Neman shawara: koci ya ajiye Libbok ya cika benci da ƙattai bakwai, me zan faɗa wa yarona?

Abban Sadik, Johannesbag:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu bin ƙwallon zari-ruga ku taimaka min kafin Asabar. Ni a nan Afirka ta Kudu nake zaune da iyali, ɗana shekararsa 13, a makaranta ya koyi wasan nan kuma wlh ya shiga ransa sosai, lamba 10 yake bugawa, Manie Libbok, lamba 10 na Afirka ta Kudu, shi ne gwaninsa. To yau Alhamis kocin Afirka ta Kudu Jacques Nienaber ya fitar da sunayen waɗanda za su buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya da Niyu Zilan ranar Asabar 28 ga Oktoba 2023 a Faris, babu Libbok ko a benci, Handré Pollard aka saka, sannan cikin mutum takwas na benci bakwai duk manyan ƙattan nan ne masu turereniya, mai gudu ɗaya tak, Willie le Roux. Yaron ya dawo gida ransa a ɓace yana cewa zalunci ne, mutum ya kai ku har nan sannan ku yar da shi. Abin da ya fi damuna, shi ma a kakar da ta wuce malaminsu ya mayar da shi benci, tun lokacin yake cewa baɗi ba zai koma ba, yanzu sai ya samu hujja. Ni ƙwallon ƙafa na sani. Shin wannan zaɓen da hankali a ciki ko kasada ce kawai? Kuma ya zan yi masa bayani ba tare da na yi masa ƙarya ba?

Injiniya Bala, Daban:
Wa alaikumus salam Abban Sadik. Da farko ka cire lissafin ƙwallon ƙafa daga kanka. A nan mutum 15 ne a fili, takwas su ne ƙattan gaba masu lamba 1 zuwa 8, aikinsu turereniya da ɗaga juna a cafe ƙwallo in an jefo daga layi da ƙwatarta a ƙasa, bakwai kuma su ne na baya masu gudu da bugu. Minti 80 ake yi. Benci mutum takwas ne kuma kusan duka ana sako su, ba kamar namu ba da mutum zai zauna har a tashi. Yawancin ƙasashe ƙattai biyar suke ajiyewa da 'yan baya uku, haka ma Niyu Zilan suka yi a wannan wasan.

Rassie Erasmus, kocin Afirka ta Kudu a lokacin, shi ne ya fara matsa abin a Kofin Duniya na 2019 a Japan, ya ajiye shida da biyu, a wasan ƙarshe suka ci Ingila 32 da 12, kuma a turereniya suka karya su, fanareti kan fanareti, Pollard ɗin nan shi kaɗai ya ci maki 22 da ƙafarsa. Dalilin shi ne mutum mai kilo ɗari da ashirin ba zai yi minti 80 yana tura ɗan'uwansa da ƙarfin da ya fara ba, wajen minti 50 ya fara haki, to in ka sako masa sabbin mutum bakwai da ba su yi zufa ba, shi kuma biyar kawai zai iya canjawa, ka ga ƙarshen wasa naka ne. Bakwai da ɗaya kuma a Agustan nan suka fara gwadawa a filin Twickenham na Landan, da Niyu Zilan ɗin nan, suka ci su 35 da 7, har zuwa ranar ba a taɓa yi wa All Blacks, wato tawagar Niyu Zilan, tazara irin wannan ba a tarihinsu. Don haka da hankali a ciki.

Ɗan Fagge a Dablin:
Injiniya ka faɗi Twickenham amma ba ka faɗi cewa an ba Scott Barrett na Niyu Zilan jan kati kafin hutun rabin lokaci ba, mutum 14 suka ƙarasa, kuma wasan share fage ne. Inda aka gwada bakwai da ɗaya da gaske shi ne wasan rukuni da Ailan a Satumba, kuma Ailan ce ta ci 13 da 8, a nan garin na kalla mutane kamar za su rushe gini don murna. Ni dai kasada nake gani wlh. Duba, babu lamba 9 a benci kwata-kwata, an ajiye Cobus Reinach, in Faf de Klerk ya ji ciwo a minti 10 wa zai riƙa ɗebo ƙwallo daga ƙasa yana rabawa? An ce Cheslin Kolbe, mutumin da ɗan gefe ne. In 'yan baya biyu suka faɗi sai dai a jawo Kwagga Smith daga ƙattai ya je ya tsaya gaban Will Jordan na Niyu Zilan, wanda ya ci tirai, wato dasa ƙwallo a bayan layin abokan hamayya, har takwas a gasar nan. Sannan abin da ya fi ba ni tsoro lamba 2, tunda Malcolm Marx ya ji ciwo a gwiwa ba su kira wani lamba 2 ba, Pollard suka kira, yanzu Bongi Mbonambi kaɗai ne na asali, mai jiransa Deon Fourie shekara 37, kuma shekarun nan ba wurin yake bugawa ba. Lamba 2 shi ke jefa ƙwallo daga layi, in jifarsa ta karkace duk dogayen nan naka aikin banza suke.

Injiniya Bala, Daban:
Gaskiya ne ƙanina, maganar lamba 2 ni ma tana cina. Amma ka tuna me ya kayar da su gaban Ailan, ba bencin ba ne, bugu huɗu suka ɓarar, maki 11 ke nan, Libbok da Faf, a wasan da aka rasa da maki biyar. Wannan shi ne amfanin Pollard. Kwagga kuma ɗan wasan 'yan bakwai-bakwai ne, zari-rugar da ake yi da mutum bakwai kowane ɓangare, shi da Kolbe sun ci tagulla a Olamfik ta 2016 a Riyo, gudu ba baƙonsa ba ne.

Issoufou, Tulus:
Barkanku 'yan'uwa. Ni ɗan Maraɗi ne ina karatu a nan kudancin Faransa, garin nan zari-ruga ya fi komai, har yanzu ba su huce da 29 da 28 ɗin da Afirka ta Kudu ta yi musu ba. Alhaji abin da za ka nuna wa yaro shi ne wasan Ingila na makon da ya wuce, ku zauna ku sake kallo tare in da hali. An yi ruwa, ƙwallo na santsi, Ingila ba su damu da gudu ba sai buga ta sama suke suna bi, wasan Libbok kuma na buɗe fili ne da jefa dogon fas, ranar bai samu yadda yake so ba, wajen minti 30 aka cire shi. Ingila na gaba 15 da 6 har aka shiga ƙarshen wasa. Me ya juya shi? Ox Nché da Vincent Koch sun shigo daga benci suka fara murƙushe turereniya, rafari na ta ba su fanareti, da ita suka matsa kusa da layi RG Snyman, shi ma daga benci, ya ci tirai, aka koma 15 da 13. Saura minti biyu zuwa uku wata turereniyar ta sake rushewa, Pollard ya buga daga kusan tsakiyar fili ta shiga, 16 da 15. Duk waɗanda na lissafa maka babu wanda ya fara wasan. Kamar filin kokowa ne a wurinmu, ka gama fafatawa da mutum kana nishi sai a turo maka wani da bai taɓa ƙasa ba. Kuma ana hasashen ruwa a Faris ranar Asabar, to kocin ya zaɓi mutanen irin wannan ranar ne.

Maman Ilham, Kef Tawun:
Abban Sadik ni ba zan shiga lissafinsu ba, maganar yaron ce ta tsaya min, don nawa biyu duk sun yi wasan nan a makaranta. Kar ka ce masa ba komai, da komai, Libbok ɗan adam ne kuma dole abin ya yi masa ciwo, in ka raina ɓacin ransa zai daina kawo maka magana. Ka yarda da shi cewa da zafi, sannan ka tambaye shi shi da kansa, in kai ne koci, ana ruwa, wasa zai iya ƙarewa da maki ɗaya, wa za ka ba bugun ƙarshe? Tunda lamba 10 yake bugawa ya san amsar, bar shi ya faɗa da bakinsa. Kuma ka tuna masa Libbok ne ya fara wasan Faransa, ba don shi da irinsa ba da ba a zo nan ba. Siya Kolisi ma da yake kyaftin cire shi ake yi bayan hutun rabin lokaci, a wasan Ingila an cire shi an cire Eben Etzebeth da wuri, suka koma gefe suna ƙarfafa waɗanda suka shiga.

Maganar baɗi kuma dan Allah kar ka haɗa ta da daren Asabar, ka bari a gama kallo. Daga baya ku je wurin malamin nasu tare, yaron ya tambaya da kansa me ake so ya gyara, yawanci a lamba 10 bugu ne ko tare mutum, abu ne da ake koya da yamma a fili da ƙwallo ɗaya. In bayan ya ji ya ce har yanzu ba ya so, kar ka tilasta, wasa ne mai karo, yaron da ransa ba ya ciki shi ke jin ciwo.

Abban Sadik, Johannesbag:
Allah ya saka da alheri Hajiya, haka zan yi. Injiniya da Issoufou, to in mun zauna kallo me zan riƙa lura da shi da zai nuna min dabarar tana ci ko ba ta ci? Ina so in riƙa tambayarsa muna hira ba in zauna shiru ba.

Injiniya Bala, Daban:
Minti 20 na farko tukuna. A Yuli a Okland Niyu Zilan sun yi musu 17 da nema kafin su farka, aka tashi 35 da 20, in haka ta sake faruwa bencin ƙattai ba zai cece ka ba don su ba na farautar maki da gudu ba ne, na matse wasan da ke kusa ne. In aka je hutu tazarar ba ta wuce maki bakwai ba to lissafin Nienaber na tafiya. Bayan haka ka kalli hannun rafari Wayne Barnes duk lokacin da turereniya ta rushe, ɓangaren da ya ɗaga wa hannu su ke da fanareti, maki uku ne in Pollard ya saita. Ka kuma lura da kati, a gasar nan wanda kafaɗarsa ta bugi kan mutum ana iya ba shi yalo ya fita minti goma, masu duba bidiyo na da minti takwas su mayar da shi ja, kuma in ɗan baya ne ya fita a ɓangaren Afirka ta Kudu ramin zai fi girma.

Ɗan Fagge a Dablin:
Ka ƙara da Aaron Smith da Richie Mo'unga, lamba 9 da 10 na Niyu Zilan, in suna samun ƙwallo da sauri daga ƙasa suna juya ƙattan nan hagu da dama to gajiyar da ake so a ɗora musu ita za ta koma kan masu ita. Haka suka fitar da Ailan 28 da 24, Ardie Savea ranar kamar mutum biyu. Ian Foster, kocin Niyu Zilan, shi ma ya ajiye Sam Whitelock a benci don ƙarshen wasa, ya sako Nepo Laulala saboda turereniya, ya san abin da ke zuwa. Ni har yanzu ina ganin shida da biyu ya fi, a sa Reinach a cire ƙato ɗaya, me za a rasa? Amma Abban Sadik ka faɗa wa Sadik duk ɓangarorin biyu, ka ce masa manya ma sun rabu a kai, shi ma ya zaɓi nasa ra'ayin kafin a busa.

Issoufou, Tulus:
Ƙarfe tara na dare za a fara agogon Faris, daidai yake da naku na Johannesbag, mutanen Nijar da Najeriya kuma takwas. Kafin wasan nan kowa na da kofi uku, Niyu Zilan 1987 da 2011 da 2015, Afirka ta Kudu 1995 da 2007 da 2019, wanda ya ci shi ne na farko da ya kai huɗu. Ku kunna da wuri Alhaji kar rawar Haka ta wuce ku, rawar yaƙin Mawori da All Blacks ke yi kafin a fara, kuma ka sa yaron ya riƙe takarda ya rubuta minti nawa aka sako kowane ɗan benci da yadda maki suke a lokacin, Lahadi ku turo mana mu duba tare.