Kakarmu ta fara gigin tsufa, maƙwabta duk sun janye jiki

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa dan Allah a ba ni shawara. Kakarmu shekara biyu kenan ta fara mantuwa, yanzu za ta ci tuwo ta wanke hannu ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba, da la'asar kuma sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali wai za ta gidan babanta, mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni. Tun ranar da ta fita cikin dare aka tsince ta a tsakar gidan maƙwabta shikenan zance ya canza, wasu su ce maita wasu su ce aljanu, matar da kullum take aiko mata kunu ma ta daina. Wai haka ake yi ko mu kaɗai ne?

Abu Sadik:
Allah ya ba ta lafiya. Ni nas ne, wlh wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa ba maita ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da shi a duniya, mafi yawa nau'in Alzheimer ne, wani kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo shi. Ku kai ta asibiti tukun, don ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo ruɗewa kuma shi ana maganinsa. Maƙwabtan nan tsoro ne ke damunsu, in kin ce musu likita ya gani sai ki ga sun sauko.

Ummu Hanan:
Malam nas ba kullum ba fa. Yayyena duk 'yan boko ne sun san sunan ciwon sarai, amma wankin fitsarin Baba ni kaɗai na yi shekara uku, su dai su turo kuɗi su ce ai ke ya fi sabawa da ke.

Ɗan Zariya:
Mu limamin unguwa muka samu, bayan magariba ya karanto ayar arzalil umur ta Suratun Nahli, wadda ta ce mutum zai koma bai san komai ba bayan ya sani. Washegari mai shayin bakin layi da kansa ya riƙo hannun Inna ya dawo mana da ita. Ki ɗinke lambar wayarki a jikin hijabinta, kuma in ta ce za ta gidan babanta kar ki ce ya rasu, sabon kuka za ta yi, ki ce bari a sha kunu tukun.

Maman Ilham:
Na gode sosai, gobe in sha Allah Abban Ilham zai je wajen liman. Ummu Hanan ya kika yi da maganar fitar dare?