Sarauniya babu kofi? Rigimar da ta tashi kan Caitlin Clark

Uwar Ɗaki: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Na ce ƙwallon kwandon mata na jami'o'in Amurka ya yi farin jini, wani ya tuntsire da dariya wai wa yake kallon wannan. To ya ji: wasan ƙarshe na 2024 tsakanin South Carolina da Iowa mutum miliyan 18.9 suka kalla, na maza ko miliyan 15 bai kai ba. Kuma sarauniya Caitlin Clark ta Iowa ce ta jawo su, mai maki 3,951 a wasanninta na jami'a.

Ɗan Fagge: Hajiya, sarauniyar ina? Sau biyu ta je wasan ƙarshe. Jami'ar LSU ta lallasa Iowa 102 da 85 a 2023, South Carolina ta ƙara musu 87 da 75 a 2024. Hannu rabbana ta bar makaranta.

Uwar Ɗaki: Malam, ni maganar 'yan kallo nake yi.

Ɗan Fagge: Ke kika ce sarauniya, ba ni ba.

Bazazzagiya: Kofi ai na ƙungiya ne, maki kuwa na mutum ne. Yarinyar nan ta wuce Kelsey Plum mai 3,527, ta zo ta wuce Pete Maravich mai 3,667, namiji fa. Me kuma kake so ta yi, ta tashi sama?

Tsohon Koci: 'Yata, bi a hankali. Maravich kaka uku kawai ya buga, wasa 83, kuma a zamaninsa babu layin maki uku. Ita kaka huɗu ta yi, tana harbo ƙwallo tun daga kusa da tsakiyar fili ana rubuta mata uku-uku. In ma yawan maki ne sarauta, Pearl Moore ta Francis Marion tana da 4,061, sai dai a ƙarƙashin AIAW, tsohuwar hukumar wasannin mata na jami'o'i, ta buga, NCAA mai kula da wasannin jami'o'i yanzu ba ta lissafa shi.

Bazazzagiya: Baba, kullum kai sai mutanen da.

Ɗan Fagge: In ana neman sarauniya a kira Breanna Stewart. Shekara huɗu a jami'ar UConn, kofi huɗu, 2013 zuwa 2016. Magana ta ƙare.

Mai Shayi: Ɗan Arsenal ne ke wa wani gorin kofi? Ikon Allah.

Ɗan Fagge: Me ya kawo Arsenal nan? Ka tsaya a kan tukunyarka.

Mai Shayi: Tukunyar da kake shan bashi a cikinta?

Bazazzagiya: Ni dai na lura duk wanda ke kushe ta a nan namiji ne.

Tsohon Koci: Dawn Staley, kociyar South Carolina da ta doke ta, mace ce, kuma wasa 38 ta ci a kakar ba a ci ta ko ɗaya ba. Yabon Staley ma kushe mata ne?

Uwar Ɗaki: Har yanzu babu wanda ya ce uffan kan miliyan 18.9 ɗin nan.

Admin: To, ya isa haka. Abin da na fahimta: kowa ya yarda yarinyar ta iya jefa ƙwallo, amma mafi rinjaye sun ce babu sarauta sai da kofi, kuma gidan kofi UConn ne, guda 12 zuwa 2025 a hannun kocinsu Geno Auriemma. Maganar bashin shayi ku ƙarasa ta can gefe. Na rufe.

Bazazzagiya: Wane mafi rinjaye? Kai da Ɗan Fagge? Hoton da ke kan lambarka ma rigar UConn ce.