Musayar Waƙa: Kunnen DJ, a Ina Ya Yi Wayo?

Wani ɗan zaurenmu daga karkarar Ringim, wanda yanzu yake aikin DJ (mai haɗa waƙoƙi a na'ura don a yi rawa) a wani gidan rawa a Sabon Garin Kano, shi ya buɗe da baitoci daren Laraba. Ka'idar zaure tana nan: mai amsawa ya amsa da waƙa, kuma ya riƙe amsa-amon da aka fara da shi.

Ɗan Ringim Mai Miksa:

Sallama gare ku mutanen zaure,
Akwai maganar da nake son faɗawa.

Ana tambayata a Sabon Gari,
Wa ya koya maka wannan haɗawa?

Kiɗan Legas da amapiano na Afirka ta Kudu,
Ka ɗinke su ba a ganin tsagewa.

Nakan ce ku je ku tambayi turmi,
Na Innata, can gefen rumbun dawa.

Mata uku ne da taɓarya uku,
Lugude suke, ba mai gocewa.

Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke,
Ta ukun ta cilla, ta tafa kafin cafewa.

A nan na san gurbin da bugu ke shiga,
Tun ina goye nake saurarawa.

Yau in na maƙala abin ji a kunne guda,
Waƙa na fita, wata na shigowa,

Sai na daidaita saurinsu tukuna,
Taɓaryar Inna nake tunawa.

Kawu Mai Kalangu, daga Taura:

Ɗana, na ji, Allah ya yi albarka,
Amma akwai miki, ba ka taɓawa.

Da kalangu a hammata na ci na sha,
Na aurar da 'ya'ya ban yi kasawa.

In na matse tsarkiya fata ta yi zance,
Ta ambaci kakan Sarkin Fawa.

Mahauci ya ji, ya ajiye wuƙa,
Tsikar jikinsa tana tasowa.

Yanzu in biki ya zo sai janareto,
Da lasifika, mu ba a aikowa.

Kalanguna na rataye a ƙusa,
Fatar ta saki, ƙura na hawa.

Na'urar taka ta san uban ango?
Ta san kirarinsa, balle rerawa?

Ba faɗa nake ba, ciwo nake ji,
Ba ni amsa, ɗan 'yar'uwa.

Jikar Mai Ƙwarya, Birnin Kudu:

Kawu, a gafarce ni in sa baki,
Kakata ƙwarya take kifewa a ruwa.

Ran suna mata su zagaye ta,
Tana bayarwa suna amsawa.

A gidan nan dai Yaya ya sayo rikoda,
Batir in ya mutu a rana ake shanyawa.

Kaset in ya harɗe mu zira masa biro,
A hankali zaren muke naɗewa.

Da aka ce Shata ya rasu, a 1999,
Kaka ta yini ba ta iya cewa.

Da dare ta ce a kunna mata shi,
Na ga hawayenta suna zubowa.

Rikoda ba ta kashe ƙwaryarta ba,
Mu jikoki ne muka ƙi koyowa.

Direban Layin Haɗeja:

Ni gurmin Haruna Uji ya rene ni,
Shi ke hana ni gyangyaɗawa.

Ɗan Ringim, in kana da shi a filashi,
Sa mana ko sau ɗaya kafin watsewa.

Ɗan Ringim Mai Miksa:

Kawu, gaskiyarka, ba ni musu,
Na'ura ba ta san kowa da kowa.

Laftof ba ya kallon idon mutum,
Ya gane wa ke shirin miƙewa.

Kai ka nuna min hakan a dandali,
Ina riƙe maka jaka, kana kaɗawa.

Ka ce kar in kalli hannun makaɗi,
In kalli ƙafar masu takawa.

In ƙafa ta yi sanyi a sauya take,
In ta ɗau zafi kar a yi katsewa.

Da Babbar Sallah na ɗauke ka a waya,
Ba ka sani ba, kana gwadawa.

Na shimfiɗa shi a ƙasan amapiano,
Wajen ƙarfe biyu, fili na cikowa.

Wani dattijo mai gadi ya bar ƙofa,
Ya zo ya tsaya yana tambayawa:

Yaro, wannan hannun na wane ne?
Na ce na Kawuna ne, yana nan da rayuwa.

Ran Asabar ina da biki a Ringim,
Na roƙe ka, Kawu, ka yi fitowa.

Zan rage sauti in miƙa maka makirfo,
Liƙin duk naka ne, ba ma rabawa.

Kawu Mai Kalangu, daga Taura:

To, sai dai a ɗaga zuwa ta sama,
Fatar nan ba ta jure bugawa.

Lahadi zan shiga kasuwar Gujungu,
In nemo ta ɗan akuya mai daɗewa.

Ka turo min sunan uban angon,
Da na kakansa, in fara bitawa.