Kanikancin mota: kwaleji ko gareji?

Sani: Assalamu alaikum. Ina son koyon gyaran mota. Me kwaleji za ta koya mini wanda gareji ba zai koya ba?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Lantarki, ƙanena, nan ne gizo ke saƙa. Za a koya maka karanta zanen wayarin da aiki da mitar auna lantarki: batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6, in injin na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka, duba bel da altaneta, mai yi wa batir caji, kafin ka zargi batir. Sai na'urar OBD-II mai baki 16, wadda ake jona wa mota ta nuna lambar matsalarta. Misali, lambar P0171 tana nufin iskar da ke shiga injin ta yi wa fetur yawa fiye da kima, amma ba ta ce a canja sensa ba. Sau da yawa tiyo ne ya tsage bayan sensar iska, ko famfon mai ya yi rauni. Wanda bai san dalili ba, sai ya yi ta canja kaya.

Injiniya Bala: Gaskiya ne, Malam. Amma Sani, zaɓi kwalejin da ke tura ɗalibai gareji. Ka kuma tambaya ko suna koyar da motocin haɗaka, masu aiki da fetur da lantarki: wayoyinsu masu ruwan lemo suna ɗauke da ɗaruruwan bolt, ba a taɓa su sai an sa safar roba an cire fulogin tsaro.