Kwarkwaron roba ya cinye mini hotunan Argungu

Ɗan Kabi: Jama'a, raina a ɓace yake. Fim guda ɗaya, samfurin 120, na ɗauka a bakin kogin Matan Fada, hoto 12 cif, da kyamarar Yashica ɗin da na gada wurin kawuna. Jiya bayan azahar na zura hannu cikin baƙar jaka mai hana haske shiga zan naɗa shi a kwarkwaron roba na Paterson, wanda ake sakawa cikin tankin wanke fim. Rabi ya shiga, ya cije. Na murɗa, na zare, na sake, kusan minti 40. Da na wanke, hoto biyar duk tabo kamar jinjirin wata, biyu sun manne da juna. Wanda ya sayar mini da tankin nan bai kyauta ba. Roba kayan wasan yara ce, na ƙarfe shi ne na ƙwararru.

Kawu Mai Hoto: Yaro, bayan azahar ka ce? A zafin Birnin Kebbi? Zufar hannunka ce ta cika jakar. Fim in ya ji danshi sai ya yi danƙo, roba kuwa ba ta karɓarsa sai ta bushe ƙayau. Jinjirin watan nan lanƙwasa ce, inda ka matsa da yatsa. Faɗin 120 wajen santimita 6 ne, ya fi fim mai milimita 35 laushin jiki, saurin lanƙwashewa gare shi. Ka bari sai dare, ka toshe ɗaki ka yi a ciki, ba cikin jaka ba. Ka rage kusurwoyin bakin fim ɗin da almakashi. Kafin nan ka samu lalataccen fim ka yi ta gwadawa da rana, ido buɗe, sannan ido rufe.

Bagusau: Ku dakata. Su wa ye ƙwararru? Fim ɗaya ka taɓa wankewa, shi ma ka kashe shi, kuma kai ka raba takardar ƙwarewa?

Ɗan Kabi: Ban ce ni ƙwararre ne ba.

Bagusau: Amma ka ce masu roba yara ne. Shekara takwas ina aiki da roba, ke nan ni yaro ne?

Na Jega: Ƙwararre shi ne wanda ke ci da sana'a. Mai wanke fim a banɗakin gidansu sha'awa yake yi, ko da zinare ya naɗa.

Bagusau: To mai hoton fasfo da waya a bakin tasha ya fi Kawu ƙwarewa ke nan, tunda shi ke cin kuɗi yanzu.

Kawu Mai Hoto: Ku cire sunana a wanga zance.

Anti Talata: Salamu alaikum. Ni sabuwa ce. In na warware takardar da ke bayan fim ɗin 120, salatif ɗin da ya riƙe fim ɗin yanke shi zan yi ko ɓarewa?

Na Jega: Mu a zamaninmu jan ƙwai muke kunnawa mu ga abin da muke yi. Wannan shi ne ƙwarewa, ba lalube ba.

Kawu Mai Hoto: Malam, jan ƙwai na takardar hoto ne. Fim irin HP5 yana ganin ja, ka kunna ka ƙone shi ƙurmus. Duhu ƙirin ake so.

Na Jega: Na gani da idona ana yi.

Bagusau: A ina? A kasuwar albasa?

Ɗan Kabi: Kai Bagusau, kullum sai ka taɓa mutanen Kabi. Mi munka yi maka?

Bagusau: Ba ku yi komai ba. Ku kama kifinku, ku bar mana hoto.

Na Jega: Shinkafar da kake ci fa, daga ina?

Anti Talata: Don Allah maganar salatif.

Kawu Mai Hoto: Yi haƙuri 'yata. Ɓare shi a hankali, ko ki yanke. In kika fizge, musamman da hunturu, yakan yi ɗan walƙiya. Kuma ki tabbata fim kika naɗa ba takarda ba, fim ya fi santsi da tauri. Maganin wanki mililita 500 a tankin Paterson, mililita 290 na fim 35 ba zai rufe shi ba. Ki sanyaya ya kusanci digiri 20.

Ɗan Kabi: Ni dai har yanzu ba wanda ya ce mai tankin ya mayar mini da kuɗina.

Bagusau: Ƙwararre, je ka sayi na ƙarfe. Shi daga tsakiya ake maƙala fim, in ka karkace tun farko layi ya hau layi. Ka dawo ka ba mu labari.

Shugaban zaure: To an rufe. Abin da anka cimma: roba ba ta da laifi, kamar yadda Bagusau ya yi bayani dalla-dalla cikin natsuwa. 'Yan uwanmu na Kabi su rage zafin rai. Batun jan ƙwai an bar shi a buɗe tunda kowa da hujjarsa. Mai son tankin roba ya same ni ta gefe, saura biyu, ana turawa daga Gusau.

Kawu Mai Hoto: Batun jan ƙwai ba a buɗe yake ba, Alhaji.