Abin da muka tsayar kan haɗa PHP da MySQL

Mun zauna da matasa masu haɗa shafukan intanet nan Damagaram kan yadda za a haɗa PHP, yaren rubuta shafuka, da MySQL, manhajar rumbun bayanai, ga abin da na kwaso. Kowa ya yarda a rungumi PDO, wato hanyar da PHP ke magana da rumbun bayanai, tunda PHP 7 ya cire tsofaffin umarnin mysql_ tun 2015. Inda aka fi jan magana shi ne tsaro: kada ka liƙa abin da baƙo ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake ba rumbun umarni da shi, ka bi ta prepare, wanda ke raba umarnin da rubutun baƙon, in ba haka ba ɓarawo zai kwashe rumbun bayananka. Wani ɗan'uwa ya nuna mana harafin Ɗ na sunan Ɗanladi ya koma alamar tambaya a allonsa, abin ya dame ni ƙwarai. Maganinsa tsarin haruffa na utf8mb4, a teburin rumbun da wajen haɗawar duka. Kada shafi ya shiga rumbun da asusun root, wato asusun da ke da iko kan komai. Ga kuma ɗaukewar wuta, sai a riƙa adana kwafin rumbun da manhajar mysqldump kullum.