Rip: tatsa za mu ce ko juya?

Jama'a, ku zo mu raba gardama. Duk wanda ya taɓa sa faifan CD na waƙa ko na karatu a kwamfuta ya ga maɓallin nan na Windows Media Player da aka rubuta wa Rip. Da Hausa me za mu kira aikin, wato zaro sautin faifan zuwa kwamfuta? Ni dai tatsa na zaɓa.

Yagawa, wato fassarar rip kai tsaye daga Turanci, a bar ta can. Je ka ce wa mai shago ya yaga maka faifai, ka ga kallon da zai yi maka.

Da yawa sun tsaya a kan kwafa, amma ba ta kama ba. Buɗe faifan waƙa a Windows, za ka tarar da su Track01.cda a jere. Kwafe su ka kai waya, shiru kake ji. Kowanne bayit 44 ne kacal, alama ce ta inda waƙa ta fara da tsawonta. Shi sautin a shimfiɗe yake a jikin faifan, ba fayil-fayil ba, bisa tsarin Philips da Sony da ya shigo kasuwa a 1982, wanda ake auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa. Sai an sa manhaja irin Exact Audio Copy ta bi shi ta zaro, in ta iske karce ta koma ta maimaita karatun wurin. Wannan ya wuce kwafa.

Wani dattijo ya ce da ni, “Yaro, ai juyi ne. Haka muke cewa a zamanin kaset, haka malamai ke juya littafi da hannu.” Allah ya ja kwana Baba, hujjarka da ƙarfi. Sai dai juya tana da gurbinta a gaba. Abin da ke fara fitowa, wato fayil ɗin sauti na WAV, yana cin megabayit kusan 10 a minti ɗaya. Daga nan ne ake juya shi zuwa MP3 ya koma kamar megabayit ɗaya, an zubar da abin da kunne bai cika kamawa ba, ko zuwa FLAC da ke rage kusan rabi ba tare da an yi asarar komai ba. Aiki biyu ne, ko da manhaja ta haɗa su a dannawa ɗaya. In muka kira su da suna ɗaya, mai koyo ne zai ruɗe.

Masu cewa tatsa tana ƙarar da abu, ai saniya ba ta raguwa don an cika ƙwarya. Ga ta kuma da daɗin sarrafawa a baki: tatso min waƙa ta uku, na tatse faifan duka, wace manhajar tatsa kake da ita?

Saukewa ta intanet ce, turi na masu memori ne, kada a cakuɗa su a nan. Mai kalmar da ta fi tatsa ya kawo, amma ya sa ta cikin jimla mu ji.